Abin da Na Share a Gindin Shafi

Kafin ku fara zagina a wurin sharhi, ku bari in kai ƙarshe. Duk abin da za ku ce min na riga ku faɗa wa kaina a gaban madubi. Ke kuma da kika rubuto cewa ni 'yar gata ce, ga aiki ga miji, to 'yar'uwa gyara zama, yau za ki ji irin gatan.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: shekarata ashirin da tara, ni ce auta a gidanmu, ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani mai yin kwalaye. Kwali dai da kuka sani, na zuba sabulu da taliya. Mu 'yan kwamfuta a bene muke, cikin sanyi da ƙamshin turare. Injiniyoyi kuwa suna ƙasa, cikin ƙarar inji da warin gam. Shugaban sashenmu shi ne mai nemana da aure. A gida Mai Agogo ake ce masa. Gwaggo ce ta laƙaba masa, don ranar da ya fara zuwa gaishe da Abba sau shida ta ƙirga yana duba tsintsiyar hannunsa.

Wata huɗu da suka wuce ya ɗora min aikin da ya ce zai ɗaga ni a idon manya: in sake fasalin shafin intanet na cikin gida, wanda injiniyoyi ke buɗewa idan za su gyara inji. Tsakani da Allah tsohon shafin abin kunya ne. Bango kore shar, rubutu ƙanana kamar tururuwa, ga hoton wani manaja da ya yi ritaya tun shekara takwas yana ta yi wa mutane murmushi. Kowane inji da shafinsa. A sama littafin da masu ƙera injin suka bayar, a ƙasa kuma wani akwati da kowa ke iya rubuta abin da ya ga dama. Injiniyoyin suna kiransa gindin shafi.

Ku zo ku ga shirgi! Sharhi dubu goma sha ɗaya da 'yan kai. “Wa ya ɗauki sifanata mai lamba goma sha bakwai? Allah ya isa.” “An yi wa Oga na dare haihuwa, namiji.” Musun ƙwallo, ta'aziyya, ba'a, har da wani mai tallar babur ɗinsa. Na karanta kamar ɗari biyu, na yi dariya har da hawaye, na gaji na bari. Na ce wa Mai Agogo ina son sati uku in tace su, don jefi-jefi ina ganin maganar aiki a ciki.

Ya duba agogo ya ce, “Sati uku? Ranar Litinin manya ke son gani. Shirme ne wannan, hirar teburin mai shayi. Ki kwashe ki ajiye a wani wuri, ma duba a zagaye na biyu.”

Shi ya faɗa, amma yatsana ne ya danna. Wannan ba zan ɗora wa kowa ba.

Sabon shafi ya fito fes, fari da shuɗi, komai a layi. Aka yi mana tafi a ɗakin taro. Ni na koya wa injiniyoyi yadda za su yi amfani da shi, rukuni-rukuni, ina ta iyayi da sabon mayafina mai ruwan toka. Wani dogon injiniya da aka dawo da shi daga wani reshe wata uku kacal, Dogo suke ce masa, ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare.

“Ranki ya daɗe, ai a ƙasa babu sabis. Idan na tsaya gaban inji yaya zan buɗe?”

Na ce, “Abu mai sauƙi. Kafin ka sauka, ka buɗe shafin injin a wayarka, ka ɗauki hotonsa daga sama har ƙasa. Shi ke nan, kana da shi a aljihu.”

Ya washe baki ya ce wallahi na iya aiki.

Kwana biyu bayan nan wanda kowa ke kira Baba ya hawo bene. Shi ne injiniyan da ya fi kowa daɗewa a kamfanin, gashinsa ya yi fari tas, kuma bai taɓa hawowa wurinmu ba sai ranar. Ya tsaya a gaban teburina yana haki, hular kwanonsa a hannu.

“'Yata, ina gindin shafi?”

“Yana nan a ajiye, Baba. Za mu tace mu dawo da masu amfani a zagaye na biyu.”

“Yaushe ne zagaye na biyun?”

“Nan gaba kaɗan, in sha Allah.”

Ya kalle ni. Ya ce, “Akwai abubuwan da muka rubuta a nan da babu su a kowane littafi. Inji bai san zagaye na biyu ba, 'yata.”

Na yi masa murmushin da ake yi wa tsofaffi idan ana so su tafi. Na rubuta a 'yar takarda mai gam, “A duba sharhi”, na manna a gefen kwamfuta. Sati uku takardar tana nan, har gam ɗinta ya saki ta faɗa bayan tebur.

Ranar Laraba da hantsi muka ji ƙarar inji ta ɗauke gaba ɗaya. Duk wanda ya yi aiki a masana'anta ya san wannan shirun ba alheri ba ne. Muka leƙa ta taga, sai ga mutum huɗu sun ɗauko Dogo da gudu, an naɗe hannunsa na dama da rigar wani, rigar ta rine. Injin matsa kwali mai lamba bakwai ne ya cije. Ya kashe babban makunni, ya sa kwaɗo, ya bi duk abin da littafi ya ce, sannan ya zura hannu zai ciro kwalin da ya maƙale. Injin ya sauko a kansa. Yatsu uku suka tafi.

Na buɗe fayil ɗin da na zuba tsofaffin sharhin, na nemo na inji na bakwai. Yana nan tsakanin wata ta'aziyya da cigiyar sifana, Baba ya rubuta shi shekara shida da suka wuce, duk da manyan baƙaƙe:

“KO KA KASHE MAKUNNI AKWAI SAURAN ISKA A TANKIN BAYA. BUƊE BAWUL NA ƘASA TA FITA KAFIN KA SA HANNU. LITTAFI BAI FAƊA BA, DAGA BAYA AKA ƘARA TANKIN.”

Tsofaffin ma'aikata sun san wannan a ka. Dogo baƙo ne, shafin ya dogara da shi. Na shiga banɗaki na amayar da shayin safe.

Ranar Alhamis aka kafa kwamitin bincike, za su zauna Juma'a ƙarfe goma. Da aka tashi aiki Mai Agogo ya turo min saƙo: “Ina mota.” Shi ke nan, kalma biyu. Ku riƙe wannan, shi ba mai yawan rubutu ba ne. Da ina ɗauka kamewa ce irin ta manyan maza, har ina yi wa ƙawayena alfahari da ita.

Na same shi a cikin motarsa ya kunna sanyi, ya rufe gilashi, farar rigarsa ko lanƙwasa babu. Na miƙa masa wayata da sharhin Baba a buɗe. Ya karanta, ya dawo min da ita a kife.

“Wa ya gani bayan ke?”

“Babu kowa. Amma Baba ya san ya rubuta, kuma ya hawo ya yi min magana.”

“Baba tsoho ne, ba ya ma buɗe sabon shafin. Saurara, amaryata.” Ya sassauta murya. “Gobe da safe, kafin kowa ya zo, ki sa gargaɗin nan a shafi na bakwai, cikin jan akwati, a sama. Ai dama ya kamata a sa, ko ba haka ba? Kar wani ya sake jin ciwo.”

“Haka ne.”

“Sai ki shiga rajistar canje-canje ki mayar da kwanan watan ranar da muka buɗe shafin.”

Na juyo na kalle shi. “Wato a ce tun farko yana nan, Dogo ne bai karanta ba?”

“Ban ce a ce komai ba. Kwamiti zai duba ya ga abin da ya gani.”

“Korarsa za su yi fa! Da sakaci a takardarsa, da yatsu biyu a hannu. Wa zai sake ɗaukarsa?”

“Idan kuma ba shi ba, wa za a kora?” Ya duba agogo. “Yatsun sun riga sun tafi, ba abin da zai dawo da su. Ni da ke ne ba mu tafi ba tukuna. Jibi iyayena za su zo wurin Abba. Kina so su zo su tarar an kore mu mu biyu, ana nuna mu da baki? Duk abin da nake yi don mu nake yi.”

Mu. Wallahi kalmar nan ce ta ci ni. Shekara biyu ina jiran ya riƙa cewa mu.

Na isa gida bayan la'asar na tarar falo a hargitse. An ja kujeru tsakiya, an naɗe dardumar, Gwaggo na tsaye a kan kujerar roba da tef a wuya tana auna taga, Mama na riƙe mata ƙafar kujera. Yadin labule kala biyu a shimfiɗe a kan doguwar kujera, ruwan zuma da ruwan goro.

“Yauwa, ga mai gayya,” in ji Gwaggo. “Ke 'yar nan, zo ki zaɓa. Kuma ki saki fuskar nan, kin shigo kamar wadda aka aiko da saƙon mutuwa. Mu da muka ƙosa mu rabu da ke ba mu yi kuka ba sai ke?”

Na nuna ruwan zuma ba tare da na kalla ba, na wuce ɗaki. Ina cire takalmi Mama ta shigo ta tura ƙofa. Doguwar rigata ta ranar Asabar na rataye a jikin kwaba, shuɗiya mai aikin zare a wuya, an goge ta an rufa mata leda.

“Auta, lafiya? Kun yi faɗa ne?”

Na faɗa mata. Ba duka ba, amma na faɗa mata yatsun, da sharhin, da abin da aka ce in yi. Ta zauna a bakin gado tana murza zoben hannunta.

“Allah sarki, bawan Allah. Yana da iyali?”

“Mata da 'ya'ya biyu.”

“Allah ya ba shi lafiya.” Ta share ido da gefen ɗankwali. “Ni ban san kan kwamfutarku ba, Auta. Amma shi shugabanki ne, kuma gobe mijinki ne. Ya fi ki sanin wurin nan. In ya ce ga yadda za a yi, ai ba zai jefa ki a rami ba.”

“Mama, ƙarya ce fa za a yi wa mutum.”

“Na ji.” Ta ɗago ta kalle ni. “Ni dai na gaji. Duk taron da na je sai an tambaye ni, har yanzu Auta shiru? Sau biyu ana zuwa bakin magana ana fasawa. Abbanki ya kira yayyensa, mutane sun yi shirin tahowa tun daga nesa. Ban ce ki cuci kowa ba. Cewa na yi kar ki rushe min wannan da hannunki, don Allah, don darajar nonon da kika sha.”

Mama ba muguwa ba ce, kar wanda ya zage ta a nan. Macen da ke kuka idan an yanka kaza ce. Tsoro ne ya yi mata yawa, ni kuma na gada.

Juma'a ƙarfe bakwai da kwata ina kan kujerata. Babu kowa sai mai shara tana jan bokiti a baranda. Na buɗe shafi na bakwai, na yi jan akwati, na zuba maganar Baba a ciki, har na gyara masa waƙafi. Wannan bai kai minti biyu ba. Sannan na shiga rajista da kalmar sirrina. Na daɗe ina kallon kwanan watan, yatsuna goma a kan madannai, cif, ko ɗaya bai ragu ba. Na goge na rubuta na sati uku baya. Na danna.

Na tura masa: “Na yi.”

Ya amsa da hoton babban yatsa. Bayan minti ɗaya ya goge shi.

Ƙarfe tara da rabi mai gadi ya kira, wai wata mata na nemana a ƙofa. Na sauka. Siririya ce, da goyo a baya, hijabinta ya yamutse irin na wadda ta kwana biyu a kan bencin asibiti. Ta rusuna ta gaishe ni, ni da ya kamata in durƙusa mata.

“Anti, ke ce mai kwamfuta? Ni ce matar Dogo.”

“Sannu. Yaya mai jiki?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi. Jiya ya ɗan sha ruwan shayi.” Ta zaro waya daga jaka, an naɗe ta a hankici. Gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, akwai busasshen jini a gefen. “Ya ji ana cewa wai za a ce bai karanta gargaɗi ba. Ya ce wallahi babu wani gargaɗi. Ya ce ya ɗauki hoton shafin kafin ya sauka, yadda kika koya musu, yana nan a ciki da ranar da lokacin. Ya ce kar in ba kowa sai ke, ke ce za ki gane, kuma ke mutuniyar kirki ce. Ki taimaka ki nuna wa manyan.”

Na manta. Wallahi tallahi na manta ni na koya musu. Na karɓi wayar. Ta faɗa min lambobin buɗewa, shekarar haihuwar 'yarsu ce. Hoton na nan, Laraba, tara da minti goma sha biyu. Shafina fari da shuɗi, tsaf, daga sama har ƙasa, babu ko ɗigon ja.

“Anti, zai yi amfani?”

Na ce, “Zai yi.”

Ta yi ta sa min albarka har na juya. Ɗan da ke bayanta yana ta miƙo hannu yana son kama igiyar katin aikina.

A kan matakala na haɗu da Mai Agogo yana saukowa, da fayil a hammata. Ya ga wayar, ya ga fuskata, ya gane. Na nuna masa hoton. Ya waiga sama, ya waiga ƙasa, sannan ya matso har ina jin turarensa, wanda ni na saya masa.

“Waya ce fasasshiya,” ya ce a hankali. “Ta faɗi a gaban inji. Ba wanda zai yi mamaki idan ta ƙi kunnuwa.”

“Amana aka ba ni.”

“Ni ma amana na ba ki. Goma saura biyar, ki yi tunani.”

Zan so in ce muku imani ne ya motsa min. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne na kasa daina ganin hannun yaron nan yana miƙowa, da 'yan yatsunsa biyar. Kuma, ku yi min dariya in kun so, a raina na ce idan na ajiye gaskiya a kan tebur, shi ma zai tashi ya tsaya kusa da ni. Ai ya ce mu. In kora ce a kore mu tare, mu fara daga farko, ko a ɗaki ɗaya ne.

Mutum biyar ne a ɗakin taro. Shugaban kwamiti, wani mai tabarau daga babban ofis, ya riga ya haska shafi na bakwai a bango, jan akwatina na ta ƙyalli. Baba na zaune a ƙarshen tebur yana kallon akwatin, yana girgiza kai a hankali.

“Kamar yadda kowa ke gani,” in ji mai tabarau, “gargaɗin yana nan tun ranar da aka buɗe shafin. Saboda haka…”

“Yallaɓai, a gafarce ni.” Na zagaya na ajiye wayar a gabansa, a kan hankicinta. “Wannan wayar Dogo ce. Ga shafin yadda yake ranar Laraba da safe.”

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya kalli wayar, ya kalli bango, ya sake kallon wayar. Aka miƙa ta hannu zuwa hannu har ta kai ga Baba. Baba bai kalli hoton ba, ni ya kalla, kuma na gwammace ya mare ni.

“To,” in ji mai tabarau, “ɗaya daga cikin biyun nan ƙarya ne. Hoto ya ce babu akwati ranar Laraba, rajista ta ce akwai tun sati uku. Shugaban sashe, wa ke da ikon taɓa kwanan wata a rajistar nan?”

Na juya na kalli Mai Agogo. Har na ɗan matsa gefe, ina yi masa wurin tsayuwa.

Bai tashi ba. Ya gyara zaman fayil ɗinsa, ya duba agogo, ya ce, “Ita kaɗai ce, Yallaɓai. Aikin gaba ɗaya a hannunta yake. Ni ma yanzu nake ganin wannan, kuma gaskiya na yi mamaki.”

Na laluba jakata na ciro wayata, na buɗe hirarmu. Na ja sama, na ja ƙasa. “Kin ci abinci?” “Ina mota.” “An goge wannan saƙon.” A tsakiyarsu ga nawa, shi kaɗai, na ƙarfe bakwai da minti ashirin da shida na safiyar nan: “Na yi.”

Ina cikin kallo wani saƙon ya faɗo a sama. Mama ce, ta turo hoton falo. An rataye labulen ruwan zuma, an jera kujeru, an shimfiɗa darduma. A ƙasa ta rubuta: “Auta kin ga yadda ya yi kyau? Ki dawo da wuri, saura ke kawai.”

Mai tabarau ya ja takarda gabansa, ya cire murfin biro.

“Malama, ajiye wayar,” ya ce. “Muna jin ki.”